Akwai Rana a Garinku?

Jiya da safe ina shimfiɗa nama a kan asabari, wani daga cikinku yana tsaye yana ɗaukata hoto da waya, har yana ce wa abokinsa wai kilishi ai nama ne kawai a yanka a baza, rana ta ƙarasa aikin. Na ji shi sarai. Gwiwa tsufa ya taɓa mini, bai taɓa kunne ba. To tunda yau kun cika mini benci kuna cin ɓarɓashin kilishi kyauta, sai ku biya da kunnuwanku. Ni Garba, a wannan fili na Tudun Wadan Zariya na tsiro gemu, a nan ya yi fari, kuma zan gaya muku yadda muka yi asarar hannun da ya fi kowane hannu iya yankan kilishi a garin nan, saboda ba mu san rana kala-kala ba ce a duniya. Hannun yayana ne, Hamisu, uwa ɗaya uba ɗaya.

Aikin farko da aka ba ni shi ne tsayuwa da tsumagiya a bakin gadajen kara ina korar ƙuda da shirwa. Baffa Ɗanladi ne mai filin, ƙanin mahaifinmu, shi ya riƙe mu bayan rasuwarsa. Ga nama a baje, ga ni a tsakiyar rana kai ba hula, don a cewarsa hula tana hana yaro sanin abin da naman yake ji. In shirwa ta suri falle guda, bayana ne ke biya. Na daɗe a haka kafin a yarda in juya nama, na ƙara daɗewa kafin a bar ni in kusanci kwanon labu, wato kwaɓin tunkuza da barkono da citta da kanumfari da albasa da ake tsoma naman a ciki bayan shanyar farko. Wuƙa kuwa sai dai in wanke in miƙa.

Abin da Baffa ya koya mini da gaske shi ne rana. Da hantsi yakan juya bayan hannunsa sama, ya yi tsit kamar mai sauraron rediyo, sannan ya ce, "Ta yau mai cizo ce, a baza duka." Wata ran ya ce, "Wannan ragguwa ce, a rage yanka." Shi ya nuna mini cewa rana ba hanya ɗaya take bi duk shekara ba. Lokacin sanyi takan karkata kudu, sai katangar kudu ta zubo mana inuwa cikin fili, mu ɗauke gadaje mu matsa da su arewa. Damina na gabatowa sai ta haura ta koma arewa, mu sake kwasar gadaje mu dawo. Ku kuna ganin ina ta jan karare daga wannan bango zuwa wancan kuna cewa tsoho ya rasa aikin yi. Ku bar gado guda a inuwa na rabin yini ku ga abin da zai fito. Shanyar farko dole ta kama naman da wuri, kafin ya yi tunanin lalacewa. Ta biyu, bayan labu, tana son haƙuri. Garwashi na ƙarshe gaisuwa ce kawai, a nuna masa wuta a ɗauke.

Ni aka ba shanya don hannuna a wuƙa ba na kirki ba ne, wannan kowa ya sani. Yaya Hamisu kuwa, kai! Tsokar cinyar saniya da ba ta wuce dunƙulen hannu ba zai ɗora a katako, ya kwantar da wuƙa, ya dinga juya naman yana buɗe shi kamar mai warware rawani. Kafin ka ce me, ga falle ya kai kamu biyu, ba huji ko ɗaya, ba wurin da ya fi wani kauri. In ka ɗora a tafin hannu kana ganin zanen tafinka ta ciki. Duk wannan kuma yana yi ne bakinsa na musun dambe da masu wucewa. Mahauta kan zo daga Kwangila da Tudun Jukun su tsaya a kansa kallo kawai. Baffa, wanda bai taɓa yabon kowa a gaban idonsa ba, in Yaya ya juya baya sai ya ɗaga fallen sama ya girgiza kai ya ce, "Allah ya yi abu a nan." Kowa ya san shi zai gaji filin.

Wata rana Mama Saratu ta zo sayayya bayan ta daɗe ba mu gan ta ba. Tsohuwar nas ce daga Wusasa, mai yawan barkwanci, ba ta cin kilishin kowa sai namu. Ashe Ingila ta je wajen ɗanta. Baffa yana da wata ɗabi'a: duk baƙon da ya zo daga nesa, kafin ya tambaye shi iyali sai ya ce, "Akwai rana a garinku?" Haka ya yi wa Buzayen Agadas, suka ce a can kafin ka gama baza na ƙarshe na farko ya ƙame. Haka ya yi wa alhazai. To ita ma ya tambaye ta.

Ta ce, "Malam Ɗanladi, bari kawai. Kwaɗayi ya kama ni na yanka nama na jera a taga, da na ga rana ta fito fes. Kana ganinta da idonka, amma ba ta da haƙori. Tsakar rana a can, lokacin sanyi, kamar bayan la'asar ɗinmu ce, tana can ƙasa-ƙasa, inuwarka ta ninka ka tsawo. Surukata ce ta kwashe naman ta zubar."

Baffa ya ce to me ya same ta, ba rana ɗaya ba ce Allah ya yi? Sai ta karɓi tocilan ɗin maigadi ta haska bangon rumfa kai tsaye, haske ya taru wuri guda. Ta karkata hannu, hasken ya baje ya yi laushi. Ta ce haka abin yake, mu da ke kusa da tsakiyar duniya a ka take saukar mana, su na can nesa a kaikaice take samunsu. Muka jinjina wannan ilimi, muka riƙe shi da kyau. Wallahi gaskiya ta faɗa mana, sai dai ba ita ke nan ba, mu kuwa muka ɗauka mun gama sanin rana.

Ba a jima ba Chinedu ya zo da maganarsa. Ibo ne, yana sayar da kayan babur a bakin titi, amma a Tudun Wada aka haife shi, tare muka yi wasan langa, Hausarsa ta fi ta wasunku. Abokin Yaya ne na ƙut da ƙut. Duk Kirsimeti in zai je garinsu, can gaba da Anaca inda ƙasa ke gangarawa teku, sai ya cika kwali da kilishinmu, kuma kafin ya kwana an wawashe. Ya ce me zai hana a yi shi a can, sabo, shi ya kawo wuri da jari, Yaya ya kawo hannu. Ya zo ya durƙusa gaban Baffa kamar mai neman aure.

Baffa ya ce, "Akwai rana a garinku?"

Chinedu ya yi dariya ya ce, "Rana, Baba? Ai ta Zariya wasa ce. A can mutum ko barci ba ya iya yi saboda rana, da dare ma gumi yake kamar an watsa masa ruwa."

Ku duba fa. Da dare. Mu huɗu a zaune, har da ni da ake kira mai rana, ba wanda ya ce tsaya, wace rana ce ke fitowa da dare? Da Ibo ne mai tsintar Hausa da ya ce zafi, da Baffa ya sake tambaya. Amma shi irin tamu yake yi, mu kuwa in gari ya ɗau zafi sai mu ce ana rana, don a nan tare suke zuwa. Bai yi ƙarya ba, bawan Allah, kuma shi kansa lokacin Kirsimeti kaɗai yake zuwa, lokacin da garin ya fi bushewa. Yaya ya ƙara da cewa ai kudu ta fi mu kusa da tsakiyar duniya, bisa lissafin tocilan ta can ma sai ta fi cizo. Baffa ya ce a je, amma a tafi da ni in ga shanya ta zauna, in dawo.

Ranar tafiya masu kalangu suka raka mu tasha. Kun san su da mahauta, ba a gayyatarsu. Suka yi ta wasa Yaya, wai ga mai kai kilishi bakin teku, ga wanda zai koya wa kifi cin yaji. Ya tsaya a ƙofar mota yana ɗaga hannu, duk unguwa na kallo. Da na san abin da wannan kiɗa zai jawo, da na roƙe su su yi shiru.

Shanyar farko a can ba zan manta da ita ba. Chinedu ya share wuri mai kyau a bayan gidansu, ya sayar da rabin kayan shagonsa ya yi rumfa, mu kuma da asabarinmu muka zo. Yaya ya yanka cinya biyu da sassafe, yankan da ko a gida bai taɓa yin irinsa ba. Na baza. Hantsi ya yi, na juya bayan hannuna sama, sai na ji abin da ban taɓa ji ba: gumi na tsiyaya ta gwiwar hannu, amma fatar ba ta jin cizo. Na ɗaga kai, sama fari fat kamar an zuba koko, ka san rana na nan amma ba ka iya nuna ta da yatsa. Na duba ƙasa, inuwata da ƙyar ake ganinta. Azahar ta yi nama na nan laushi, yana naso. La'asar ya fara canza kala. Kafin magariba ƙudan garin kaf sun zo gaisuwa, sannan ruwa ya sauko.

Muka ce rashin sa'a ne, gobe ma rana ce. Haba! Rigar da na wanke ta kwana biyu a igiya ba ta bushe ba. Gishiri ya jiƙe a kwano ba wanda ya zuba masa ruwa. Tunkuzar da muka zo da ita ta fara funfuna. Ashe iskar garin kanta a jiƙe take, ba ta da wurin da za ta karɓi ruwan nama, kuma gajimare ya tsaya tsakaninmu da rana ya tace ta. Ba abin da ban gwada ba. Na hau rufin kwano na shimfiɗa a can. Muka kawo fanka. Na rage kaurin labu. Na hura wuta a ƙarƙashin gado, abin ya fito kamar naman banda, baƙi, mai warin hayaƙi, ka ciza ka ji kamar igiya. Nama nawa muka haƙa rami muka binne, ni dai na daina ƙirgawa. Mutum ya yi yanka irin na Yaya, da yamma ya ɗauko shebur, wannan abu ya ci mini rai ƙwarai. Chinedu bai taɓa ɗaga mana murya ba. Sai dai ka gan shi da safe ya fito ya tsaya yana kallon sama tare da mu, ya ce, "Malam Garba, yau fa?" in ce masa a'a.

Don kada naman ya dinga tafiya rami, Yaya ya gina tukuba a bakin titi ya fara tsire da yamma. Mutanen garin suka yi caa. Abin da ya hana mu yunwa ke nan, shi ya fara mayar wa Chinedu abin da ya zuba.

Wajen Kirsimeti iskar arewa ta leƙo, sama ta buɗe, muka samu 'yan makonni na shanya. Ranar da falle na farko ya ƙame har ya yi ƙara a hannuna, Yaya ya rungume ni a gaban mutane. Ya yi ta yanka kamar wanda aka ce gobe za a ƙwace wuƙar. Har daga wasu garuruwa aka zo saye. Sannan iskar ta koma inda ta fito, sama ta sake rufewa. Nan na gane abin da Chinedu yake gani duk shekara, na kuma gane ba a kafa sana'a a kan 'yan makonni.

Na ce, "Yaya, mu tafi gida. Garin nan zafi gare shi, ba shi da rana."

Ya ce, "In shiga Tudun Wada da wane ido? Ka manta da kalangu? Kuma mutumin nan ya sayar da rabin kayan shagonsa saboda ni. Bari in yi shekara ɗaya a tsire in fitar da shi, sai in zo."

Na dawo ni kaɗai. Da na gaya wa Baffa, bai yi faɗa ba. Ya ce, "Ka aika masa ya dawo yanzu. Wuƙar tsire sara take yi, ta kilishi lallashi. In hannu ya saba da sara, shi ke nan." Na aika. Amsa ta zo cewa baɗi.

Baɗin nan ta yi ta haihuwar wata baɗin. Tsire ya karɓe shi, tukuba ɗaya ta zama uku, Chinedu ya buɗe shago wanda ya fi na da. Yaya ya kai iyalinsa can, ya gina gida, 'ya'yansa suka tashi suna jin yaren garin. Idon Baffa ya yi rauni, na shiga ɗaukar masu yanka na haya. Wasu sun iya daidai gwargwado, wasu fallensu kamar rariya. Masu zuwa daga nesa saboda yankan filin nan suka ragu. Mama Saratu ba ta daina saye ba har ta rasu, amma takan ɗaga fallen ta duba ta ce, "Garba, yajin na nan, hannun ne babu." Baffa ya yi ta tambaya ko Hamisu ya iso har ciwon ajalinsa. Yaya ya zo ta'aziyya, ya kwana uku, bai taka filin ba.

Kwanan baya da aka zo sa mini farantin sola a gida, mai aikin ya nuna mini wata taswira a wayarsa, duniya duk an shafa mata kala. Wajen Sahara ja wur, mu nan ja-ja, bakin teku ruwan ɗorawa, ƙasashen sanyi shuɗi-shuɗi. Ya ce faranti iri ɗaya, abin da zai ba ka a Zariya ba zai ba ka a Fatakwal ba, saboda gajimare. Na karɓi wayar na daɗe ina kallon wurin da muka binne nama. Abin da ya ci mana shekaru ga shi yanzu a aljihun kowa, ku kuma ba abin da kuke kallo a ciki sai rawa. Na yi baƙin ciki ranar, ba zan ɓoye muku ba.

Bara da bazara Yaya ya dawo gaba ɗaya. Ya bar wa 'ya'yansa tukubobin, ya sayi gida a Gyallesu, ya zo da motarsa, ya yi ƙiba, gemu fari kamar nawa. Ya zauna a kan bencin nan da kuke kai ya ce, "Garba, na dawo sana'ar ubana. Gobe ka sallami mai yankanka." Na yi murna har na kasa cin abinci.

Washegari ya riga ni zuwa. Na tarar ya tuɓe babbar riga ya rataye, ya wasa wuƙa, ya zaɓi tsoka da kansa, kuma zaɓin na gwani ne, ido bai manta komai ba. Tsofaffin mahauta biyu da suka ji labari suka zo suka tsaya. Ya ɗora a katako, ya yi bismilla, ya kwantar da wuƙa. Shigar farko ta ratsa naman ta fito ta ɗaya gefen. Ya yi dariya ya ce tsatsa ce. Ya ɗauki wata tsokar. Ina kallon wuyan hannunsa, duk sanda wuƙa ta fara tafiya a kwance sai ya ɗan zabura ya danna ƙasa, shi kansa bai san yana yi ba. Ya rage sauri. Ya daina magana. Gumi ya jiƙa masa singileti. Mahautan nan biyu suka ce suna da uzuri, suka zame. Bai tashi ba sai da ya gama cinyar nan duka, kuma babban abin da ya fitar bai wuce tafin hannu biyu ba, kauri kamar ƙasan silifa, ga huji nan da can.

Da kansa ya kwasa ya jera a asabari, ya gyara gefe-gefen da yatsa. Rana ce irin wadda muke roƙo, ta bazara, sama ba gajimare ko ɗaya. Ya tsaya a kan naman, bai dube ni ba, ya ce, "Garba, kai ne mai shanya. Wannan zai bushe?"

Na ce, "Sai mu ba shi lokaci, Yaya."

Ya ce, "Kada ka yi mini haka da tsufana. Tambayarka na yi."

Na ce masa ba zai bushe ba. Bayansa zai ƙame, cikinsa ya ruɓe.

Ya gyaɗa kai. Ya tattara naman ya mayar kan katako, ya ce a samo masa tsinke da ƙuli-ƙuli. Nan take hannun nan ya farka, ƙwas ƙwas ƙwas, kafin a hura garwashi ya gama sarawa ya soke duka. Da yamma mutanen layin nan suka ci tsiren da har yau suke zancensa, suna ta sa masa albarka, yana amsawa yana murmushi. Da aka watse ya wanke wuƙar kilishin, ya goge ta, ya miƙo mini ta wajen ƙota, ya ce in aika a kira mai yankan da na sallama kafin wani ya ɗauke shi.